Ƙusar da Wendell Ya Kafa

Ƙanena Delbert,

Gaisuwa mai yawa. Yaya mutanen Kentucky? Yaya matarka Loretta da gwiwarta?

Ina lafiya a gidan 'yata. Sanyin Iowa ne kawai ke hana yatsuna riƙe cokali da safe, amma kada Loretta ta ji.

Albishirinka! Ka san bindigata mai ɗuri ta baki. A nan baƙin albarushinmu ya yi wuya, sai na zamani, mai nauyin kama wuta. Na kuskure na sa masa 'yar hular nan ta tagulla mai kunna albarushi da muka saba. Na fita farauta, na auna barewa, na ja kunama, shiru. Sai da barewa ta yi nisa bindiga ta tashi, ta kashe reshe.

Surukina Wendell ya kafa ƙusa a bango. Ya ce, "Baba, in ka sake kuskure, bindigar ta hau nan, kai ka hau kujera."

Na sayo hula mai zafin wuta. Ranar Asabar, harbi ɗaya, namijin barewa ya faɗi. Wendell ya jawo shi har mota yana haki.

Turo mini safar ulu. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙusar kuwa ba ta yi asara ba, ƙahon ne a kanta.

Yayanka,
Orville