Tukunyar Kabarin Dodo

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da Mama da ƙannena. Yaya ciwon ƙafarka? Yaya shuka?

Baba, ka san ba na iya ɗaga ido in yi magana a gabanka, shi ya sa na rubuta na ba direban motar Yauri. Ni da Kaka ba mu ɓata ba. Mun zo tsohon garin nan na bakin tafki, inda babanka Dodo ya zo dakon kifi ya rasu tun kana goye.

Tukunyar kabari da Kaka ta gina masa, wadda ka fasa ka ce ba za a yi al'adar nan a gidan dattijon coci ba, ta sake gina wata a Rikoto wajen Inna Theresa. Ni na kwaɓa mata yumɓu, don idonta ya yi rauni. Ni kuma na rungume tukunyar a mota har nan, ko tsagewa ba ta yi ba.

Garin yana tsakanin duwatsu kamar garinmu Zuru, sai dai ga ruwa iya ganinka. Akwai ragowar ganuwa, awaki na hawa kanta. Wata mai soya kifi, Hajiya Khairunnisa, ta sauke mu a ɗakinta. Ta ce ta tuna Badakkaren nan, ɗan ƙabilarmu, da aka binne a kan tudu bayan gari. Yanzu ruwa ya zagaye tudun, sai da kwalekwale.

Kawu Gabriel ya kira wayar Hajiya, ya ce ka ce mu koma yau. Ka yi haƙuri, Baba, ba za mu koma ba tukuna.

'Yarka,
Saloma

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ina fata fushinka ya sauka ko kaɗan. Kaka tana lafiya, har tana cin tuwo da kyau.

Mun haye. Da na sa ƙafa a kwalekwale sai na durƙushe a ciki, matuƙin yana dariya yana cewa 'yan dutse ba su san ruwa ba. Na rufe ido, amma ban saki tukunyar ba. A kan tudun mun sami kabarin ƙarƙashin wata tsamiya, ciyawa ta rufe duwatsunsa. Na cire ta da hannuna. Kaka ta dafa ƙasa, ta yi masa magana da yarenmu na C'lela, ta gaya masa ɗansa ya girma, yana da gona da 'ya'ya. Ba ta ambaci tukunyar farko ba. Sai ta kife wannan a kansa, ta ce yanzu ko gobe aka kira ta, ba ta jin kunyar haɗuwa da shi. Ni kuma na yi addu'ar da ka koya mini. Ban ga abin da ɗaya ya rage wa ɗaya ba.

Muna tafe ranar kasuwa. In duka ne, ga bayana, ba zan gudu gidan Inna ba. Amma kada ka ɗaga wa Kaka murya. Tukunyar tana can a kan babanka. In har za ka fasa wannan ma, sai ka shiga kwalekwale ka je ka tsaya a gabansa.

Ka gaishe da Mama da ƙannena su Glory.

'Yarka mai ƙaunarka har gobe,
Saloma