Ila, Dutsen Kan Baba Ya Shiga Injinka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kafa duwatsu, ya san abin da ke cikinsu tun kafin wani ya tsaga ya duba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Zuwa ga ƙanena Isma'ila, wanda muke kira Ila, a Jos ko duk inda fataucin duwatsu ya kai ka. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Lambar salularka ta daina shiga, don haka na rubuta wannan takarda sau uku na ba direbobin tashar Ƙonni. Duk Musulmin da ta faɗa hannunsa kafin ta iske ka, ina gaishe shi, ya karanta babu laifi, domin al'amarin ya riga ya fita daga gidanmu.

Bayan haka, injin yankan dutse da ka aiko ya iso lafiya tun bayan girbi, tare da mutuminka Garba. An sha jira a duwan, wajen 'yan kwastan, daga nan aka ɗoro shi a mota har Dogarawa, amalanke ta ƙaraso da shi ƙauye. Ka rubuto cewa a ba shi ɗakin Baba na bakin zaure. Ban so ba, amma na kwashe buzu da allunan da suka saura, na ba da mabuɗi.

Na tsaya a kansu ranar da ake kafawa. Sun zuba siminti sun yi dakali, suka ɗaure akwatin ƙarfen a kai, suka huda bango don wayar janareto. Na zaci zan ga zarto mai haƙora. Sai na ga faifai sumul, Garba ya ce garin daimon ne a bakinsa. Ya kama yatsana ya ɗora a kai, bai yanke ni ba. Sannan ya matse dutse cikin wani awartaki, ya cika ƙasan akwatin da mai, ya rataya nauyi a igiya mai jan dutsen sannu zuwa ga faifan, ya rufe murfi. Kafin la'asar dutsen ya rabu, ɓallin ya fito siriri kamar allon ƙaramin yaro. Ya binne shi cikin toka don ta shanye man, ya wanke, ya miƙo mini.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tasbihi. A cikin farin dutsen nan na wajen Malbaza na ga siffar katantanwar ruwa a nannaɗe, a ƙasar da muke tonon rijiya gaba ashirin. Na ce lalle ƙanena ya sami sana'ar da ke tuna wa bawa ikon Ubangijinsa.

Amma zuciyata ba ta kwanta da Garba ba. Mutum ne mai yawan gaisuwa, yana durƙusa mini sau biyar a wuni, kuma bai taɓa kallon idona ba. Farin dutsen bai dame shi ba. Abin da yake nema shi ne jan nan mai kamar hanta, wanda ya ce maƙeran Agadas ke so don zobe. Kai ka san ba a samunsa sai a kwazazzabon gabas, tafiyar rabin wuni ga jaki. To, Tanko mai amalanke yana fita bayan asuba, kafin hantsi ya dawo da kaya. Na lura da wannan. Na tambayi Garba sau ɗaya, ya yi dariya ya ce, "Malam, jakin Tanko aljani na, tashi shika yi." Na yi shiru. Na tuna cewa wani sashe na zato zunubi ne, na yi istigfari, na koma ga littattafaina. Yanzu ina tsoron kada a tambaye ni wannan shirun.

Ranar wata Laraba ya kira ni in ga abin da ya ce bai taɓa yanka irinsa ba. Ya jera ɓalli shida a kan katako, ya watsa musu ruwa don launin ya fito. Ja ne mai duhu, kuma a kowane ɓalli akwai farin zare da ya taho ya rabu uku kamar sawun zabo. Na ɗauki na ƙarshe, mai ɓawon waje, na juya shi. Hannuna ya san shi kafin idona. Shekara goma sha biyu ina dafa wannan ɓawon in zan tashi daga tsugune.

Ila, dutsen kan Baba ne.

Ka tuna ina Sakkwato wajen karatu sa'ad da ya rasu, ban iso ba sai bayan kwana uku. Kai ka shiga ramin ka karɓe shi. Kai ka tafi kwazazzabo ka ɗauko dutsen nan a ka, har wuyanka ya yi kwana biyu ba ya juyawa. Da na zo, ka kama hannuna ka kai ni, ka ce, "Yaya, ga Baba nan, mai sawun zabo." Mu ba ma rubuta suna a kabari, ba ma gina shi, haka muka gada kuma haka ne daidai. Dutse ɗaya wajen kai shi ne duk abin da aka yardar mana mu gane namu. Ni ban taɓa sanin Baba a maƙabarta da wani abu ba sai shi.

Ciwon gwiwa ya hana ni ziyara tun kaka. Ranar nan na dogara sanda na tafi. Layin nan gaba ɗaya babu dutse, sai gurabe a ƙasa, wasu ma tumaki sun taka sun shafe. Ruwan shekaru ya riga ya kwantar da tudun. Na kai na komo har rana ta take. Na rage kaburburan da nake zato zuwa uku da ke jere, daga nan ilmina ya ƙare. Waɗanda suka yi tonon tare da kai, Allah ya karɓi abinsa, duka biyun.

Na kira Tanko gaban zaure. Ya rantse ya ce, "Wallahi Malam, ni inda anka nuna min nan nika zuwa. Garba ya ce tsohuwar maƙabarta ta, babu mai ita." Na juya ga Garba. Ya ce shi baƙo ne, bai san gabas da yamman ƙauyen nan ba, mai injin ne ya kwatanta masa wurin da jan dutse yake a tare kusa da gari. Mai injin kai ne.

A nan nake tsaye, ƙanena, kuma tsayuwar tana da wuya. Mai yiwuwa Garba ƙarya yake yi, ya ga ba ka nan ya jingina maka. Na fi son haka. Amma ina tambayar kaina, wa ya gaya wa baƙo cewa mutanenmu sun yi shekaru suna ɗauko wannan dutse daga nesa suna tarawa wuri guda? Me ya sa ka zaɓi ƙauyenmu, da babu wutar lantarki babu hanya, alhali Ƙonni na nan? Me ya sa wayarka ta mutu a watan da aka soma yanka? Kowace tambaya in ta zo ina korar ta da a'uziyya, tana komowa da na sallame salla. Ban yanke maka hukunci ba. Shari'a ba ta karɓar maganar wanda ake tuhuma a kan wanda ba ya nan, ni ma ba zan karɓa ba. Sai dai ina so in ji daga bakinka.

Ga abin da na yi. Na kulle ɗakin, mabuɗin yana aljihuna. Garba ya tafi washegari ba sallama. Bayan sallar Juma'a na tashi gaban jama'a na faɗi cewa duwatsun mamatansu a gidana suke. Ban taɓa jin nauyin rawanina irin na ranar ba. Muka fito da waɗanda faifan bai taɓa ba, masu sanin kabarin nasu suka mayar. Maigari ya ce a kai magana ga jandarma, na roƙe shi ya jira amsarka. Ya yi mini wannan alfarma don darajar Baba.

Ɓallayen shida na haɗa su yadda suke, na ɗaure da igiyar rama. Sun koma siffar dutse, sai dai sun rage kaɗan, abin da faifan ya ci. Mutane sun ce in zaɓi kabarin tsakiya in ajiye dutsen a kai, Allah ya san nasa. Gaskiya ne Allah ya sani, kuma addu'a ba ta ɓata hanya. Amma ba zan sa alamar ubana a kan uban wani bisa zato ba, 'ya'yanmu su gaji kuskuren.

Ila, ɗan'uwana, kai ne na goya a kafaɗa zuwa gona, kai ne nake rage wa fura. In ba ka da hannu, ka zo ka wanke kanka, in nemi gafararka gaban mutanen da suka ji ni. In kuma kana da hannu, ka zo duk da haka. Ƙofar tuba ta fi ƙofar zaurenmu faɗi, ni kuwa ba zan tsaya a bakinta ba. Abu guda nake roƙo, ka zo kafin ruwan farko. Gurbin da ya saura a ƙasa ba zai wuce damina ɗaya ba, kuma duk duniya kai kaɗai ka ga cikin ramin.

Kafin nan, kowace Juma'a ina zuwa in tsuguna gaban ukun nan, in yi wa kowanne sallama in ce Baba. Biyu daga cikinsu ba su haife ni ba, amma ba su ƙi ba.

Allah ya jiƙan Baba da maƙwabtansa, ya haskaka makwancinsu. Allah ya tsare zuciyata daga zaluntar ka da zato, ya tsare ka daga abin da nake tsoro. Kai kuma mai karatu, Allah ya ba ka masu sanin kabarinka da masu yi maka addu'a bayanka, in ka san inda Ila yake ka isar masa, Allah ya saka maka da alheri. Amin.

Wassalam. Daga yayanka mai jiran ka,
Malam Habibu