Idona Ne Ya Tsiyaye, Kawu Ne Ya Yafe

Salamu alaikum, Malama Zinariya. Don girman Allah ki agaza mini da shawara, 'yar nan, gida guda an taru a kaina sai ka ce ni na yi laifin. Ni ko alif ban iya ja ba. Jikata Rabi'atu ce ke rubutawa, ita ke karanta mini filinki in mijinta ya shigo da jarida, na kuma gaya mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta shafa wa maganata mai.

Abin ya daɗe. Ina 'yar budurwa ban isa aure ba, annobar Marisuwa ta ɗauke ubana, muka koma hannun Kawu Ilu, yayan uwata, a nan Sule Tankarkar. Lokacin ko layin dogo ba a shimfiɗa ta Gagarawa ba, tsofaffi ba su gama yarda da kwabo ba, wuri suke so. To akwai wani ɗan koli ana ce masa Ubale. Yakan ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, sannan ya biyo ƙauyuka da jakinsa, allura, madubi, tsakiya, murjanin ƙarya, da baki kamar zuma. Ran jajibirin salla ya zo da wani kwalli, wai daga Damagaram, wai irin wanda matan manya ke sawa. In ya karkata shi a rana sai ki ga yana ƙyalƙyali. Mu kuwa yara, me muka sani, muka yi ta rububi. Ni da gumina na saya, zare na kaɗa na sayar.

Da safiyar salla na rambaɗa wa idon hagu. Kafin in kai ga na dama sai na ji kamar an watsa mini ƙaiƙayi da barkono. Shi ya ceci na daman. Na kama murza, ashe ƙara yanka kaina nake yi. Sauran 'yan matan jan ido suka yi suka warke, su zizarawa suka yi kaɗan, ni ce mai zumuɗi. Ido ya kumbura, ya yi ruwa, wanzami ya zo ya yi nasa, mai tofi ya yi nasa, kafin a yanke gero ya tsiyaye.

Innata ta juye tandun a ƙoƙo, ta zuba ruwa, ta yi ta rezawa kamar mai rezar tsaba. Sai ga abu kore-kore ya kwanta a gindin ƙoƙon. Kwalba ce, dakakkiya. Kwalba kuwa a zamanin ba kowa ke da ita ba, amma kowa ya san Ubale na tsintar fasassu a bayan kanti a Gumel, wai madubi zai yi da su. Madubin uwar wa, da koriyar kwalba?

Limaminmu ya ce wannan maganar alkali ce, ido yana da diyya. Aka ɗora ni a jaki, Kawu na gaba, sai Gumel. Mun iso ƙofar alkali ke nan, Ubale ya tare mu a gindin wata tsamiya. Ya zube ƙasa. Ya ce wa Kawu dattijo, ya ce masa uban marayu, ya ce masa bango. Shi kuwa Kawu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da in kin ce masa dattijo har wandonsa sai ya tuɓe ya ba ki. Wai shi Ubale haka ya saro daga fatake, in ana so a ƙetara ƙasar Faransa a kamo su. Wai kuma ba shi ya sa mini ba, da hannuna na sa. Wai ƙaddara ta riga fata. Ya kwance ƙullin goro, ya fito da jar dara sabuwa ya ɗora wa Kawu a ka. Kawu ya ɓare goron nan, ya tauna, ya ce mun yafe, mun bar wa Allah.

Mun! Shi da wa? Ina kan jaki fuska ɗaure da tsumma, ƙudaje na bi na, ba mahalukin da ya juyo ya ce ke yarinya me kika ce. Ko inuwar alkali ban gani ba. Muka juyo gida, Kawu na tafe yana gyara zaman dara, idanunsa biyu garau.

Daga nan na zama abin misali. Duk yarinyar da ta daɗe gaban madubi sai uwarta ta ce ki bi a hankali, garin neman gira wance ta rasa ido. In na zo zuba ruwa a tulu rabi a ƙasa. Zare da allura sai na nemi mai sa mini. Akuya ta sha cinye mini shanya ta gefen hagu ina zaune. In na yi ƙorafi a ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, kuma masu faɗa mini haka duk biyu gare su. Na yi aure, Allah ya ba ni mutumin kirki, na haihu, na binne mijin, na binne Kawu, Ubale ma ya tafi inda ba a sayar da kwalba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne ɗansa, Bappa, wanda motocinsa ke jigila tsakanin Maigatari da Kano. Bana zai tafi Makka, yana bin mutane neman gafara. Ni bai zo ba. Direbansa ya aiko da goro a ganye da turmin atamfa, wai tsohonsa kafin ya cika ya ambaci wata yarinya a Sule Tankarkar, ya ce a nema masa yafiyarta. Yarinya! Sai da haƙorana suka zube aka tuna da yarinya. Kuma goro dai, goro dai, kamar gidansu ba su san wani kuɗin ido ba sai shi. Ko haƙorin taunawa ba ni da shi. Atamfar kuwa Rabi'atu ce ta gaya mini launinta, don na daman ma yanzu yanar ido ta rufe shi, mutum in ya tsaya a gabana sai dai in gane shi da murya.

Ban taɓa goron ba, yana nan cikin jiƙaƙƙen buhu. 'Ya'yana sun dame ni wai in karɓa, wai kabari ya matso, wai tun tuni an yafe, mene ne na tone-tone, wai kada in hana bawan Allah aikin hajji. To ni ina tambaya, Malama. Wannan yafiya ta Kawu ta hau kaina? Haƙƙina ya mutu da Ubale ko yana nan? In na ce ban yafe ba na yi zunubi? Jirginsu ya kusa tashi, ni kuma idon nan kullum ƙara duhu yake.

Tsohuwa mai ido guda, Sule Tankarkar.

AMSA

Wa alaikumus salam, Iya. Sannu da haƙuri, sannu ƙwarai. Wasiƙarki ta sa ni dariya a wurare, ta kuma hana ni cin abinci.

In fara da ta Kawu. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne, waliyyi mai tsaron haƙƙin maraya ne, ba mai kyauta da shi ba. Yana iya yin sulhu in amfanin sulhun zai koma kan yaron. Sulhun da aka yi a gindin tsamiya kan Kawu ya koma, har da jar dara. Saboda haka wannan yafiya ba ta hau kanki ba, kuma duk mai ce miki an riga an yafe, ki tambaye shi wa ya ji bakinki. Ido ba ƙaramin abu ba ne a shari'a, diyyarsa rabin ta rai ce. Batun wai da hannunki kika sa, wannan maganar 'yan kasuwa ce. An sayi kwalli ne don a sa a ido, ba don a ajiye a rumbu ba. Wanda ya yi algus a kaya ya sayar, abin da kayan suka ɓata yana wuyansa, kuma haƙƙi irin wannan a dukiyar mamaci ake fitar da shi kafin magada su raba.

To amma ga ɗaya gefen, kuma ba zan ɓoye miki ba. In kika ce kotu za ki yau, wahala za ki sha a banza. Inna da ta reza kwallin ta rasu, liman ya rasu, ƙoƙon ma babu. Tsintar kwalabe zato ne mai ƙarfi, amma alkali ba ya hukunci da zato, kuma ba mu da tabbacin ko Ubale ne ya daka ko an cuce shi ne shi ma. Sannan Bappa bai daka kwalba ba, wataƙila ma ba a haife shi ba lokacin. Da ya so, da ya haɗiye maganar mahaifinsa, ba wanda zai sani. Aiko direba raini ne, na yarda, amma ina jin bai san girman abin ba. An ce masa yarinya, ba a ce masa ido ba.

Ga shawarata. Kada ki ci goron, kada kuma ki jefar da shi a bola. Ki sa babban ɗanki ya mayar cikin mutunci, ya ce tsohuwa ta gode, amma maganar ta fi ƙarfin ɗan aike, tana son ganin mai tafiya da kansa. In ya zo, a zauna gaban limaminku ko wani malami da ya san hukuncin diyya, don ni ba alkali ba ce, shi zai tantance abin da na faɗa. Ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, amma zagin ki rage, mamaci ubansa ne. Sannan ki faɗi abin da kike so da bakinki. Da ni ce, ba zan tsaya lissafin raƙuman diyya ba. Zan ce a ɗauke ni a motarsa zuwa asibitin ido a Kano, ya ɗauki nauyin dubawa da aiki da magani da jinya, a kuma yi hakan kafin ya tashi, ba sai ya dawo ba. Yanar ido sau da yawa ana cire ta mutum ya koma gani, amma likita ne zai faɗa bayan ya duba. Wannan ba roƙo ba ne, kada ki sunkuyar da kai wajen faɗa.

'Ya'yanki kuma su sassauta. Rashin yafiyarki ba ya hana jirgi tashi, kuma mai haƙƙi ba ya zunubi don ya nemi haƙƙinsa. Yafiya tana da lada mai yawa, ina kuma yi miki kwaɗayinta, don kin daɗe da wannan kaya a ka. Amma wadda aka matsa wa mutum ya furta ba ta sauke wa kowa nauyi, har shi mamacin. In Bappa ya yi abin da ya kamata zuciyarki ta sauko, ki yafe. In ya ƙi zuwa, kin fita, sauran tsakaninsa ne da wasiyyar mahaifinsa.

A aika masa cikin makon nan, Iya, kada a tsaya jan ƙafa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace da aikin, ya sa ki ga fuskar Rabi'atu da idonki. Shi kuma Bappa Allah ya ba shi ikon sauke nauyin tsohonsa, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya.

Malama Zinariya