Makabartarmu da Safiyonku Ya Kira Daji

Zuwa ga Babban Manajan Kamfanin Haƙar Zinare,
Lardinmu na Bakin Teku.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Haruna, ɗan zangon da ke bayan raminku. Daga Greensboro ta Amurka nake rubuto maka, inda nake karatu da rana, da yamma ina aikin masaƙa. Na biyo ta jarida ne don na rubuto ofishinka an yi mini shiru.

Na ɗaya. Ƙanwata Ladi ta sanar da ni cewa masu binciken ma'adinai na kamfaninka sun shiga makabartar zango. Safiyo ya auna, ya kafa turaka masu jan ƙyalle, ya rubuta cewa wurin daji ne, wai don bai ga dutse mai suna ba. Katafila ta share wa injin huda ƙasa hanya ta gabas, ta tafi da kaburburan da ke can. Kabarin mahaifiyata yana ɓangaren da ya rage, kuma turakun sun kewaye shi.

Na biyu. Yallaɓai, mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. Mukan tara ƙasa, mu jera tsingaron tukunya, mu kafa itace ta wajen kai. Kafin wani lokaci ciyawa ta rufe, amma kowane gida ya san nasa. Na Inna yana gindin bishiyar kashu, da tsingaron tukunyar da take dafa shinkafa da wake tana sayar wa leburorinku. A nan Amurka idan na bi ta garin Pleasant Garden nakan ga makabartun mutanen ƙasar, fararen duwatsu a jere, ciyawa a aske, don haka na gane abin da idon safiyonku ya saba gani. Abin da na kasa ganewa, gidan liman yana dab da makabartarmu, ko murya aka ɗaga zai ji, amma ba wanda ya taka ya tambaya. Da akuya ya tarar a ɗaure a wurin, ai da ya nemi mai ita.

Na uku. Mu ba baƙinku ba ne. Mahaifina, Malam Idi, a raminku ƙarfinsa ya ƙare, can ya samo tarin da bai sake shi ba har yau. Duk Juma'a yakan je ya yi wa Inna addu'a. Yanzu kun ja waya kun ajiye maigadi, sai dai tsoho ya tsaya daga waje ya ɗaga hannu. Maigadin ma ɗan zango ne, Ladi ta ce kai kawai yake sunkuyarwa. Wallahi ranar da na ji wannan na yi kuka.

Ba na ƙin aikinku, shi ya ciyar da mu, kuma ba diyya nake nema ba. Ina roƙonka, don girman Allah, a tsayar da injin. A tura mutum ya zaga da liman da dattawa su nuna masa iyakar makabarta, a cire turakun, a buɗe ƙofa. Ƙasusuwan da katafila ta tono a miƙa wa jama'a su sake suturta su.

Makon jiya kaset ya iso daga gida, muryar Baba ce. Ko sunan kamfani bai kama ba. Ya ce jiki ya yi nauyi, kuma tun ranar da aka rufe Inna ya roƙi liman ya bar masa gurbi kusa da ita. Yana so in tambayo masu ilimi, in ta Allah ta kasance kafin in dawo, ina za a kai shi. Ban amsa masa ba, don amsar tana hannunka.

Allah ya jiƙan iyayenka, ya sa ka gama lafiya, ya ba ka makwancin da ba wanda zai taɓa.

Wassalam.

Haruna Idi,
Greensboro.