Lambar Girman Da Kuka Ba Ni Ba Tawa Ba Ce

Zuwa ga Darektan jarida, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina miƙa godiya bisa gayyatar bikin tarihin shafinku na mata, inda za ku karrama ni a matsayin editan da ya kafa shi. Na yi lakol, wato makarantar boko, har Yamai, na koyar, na ajiye aiki, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Yau ga shi an tuna da ni, a kan aikin da ban yi ba.

Na farko: ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a shafin nan ba. Mai ɗakina ce ta rubuta shi, Hajiya Zuwaira. A zamanin, matar aure ba ta shiga biro, wato ofis, cikin maza, don haka ni nake hawa mota daga Matameye in kai takardunta. Sakataren jaridar ya ga ni ne na miƙo, ya rubuta sunana. Na faɗa wa babban editan jaridar na lokacin gaskiya, ya ce sunan matar mutum a jarida abin kunya ne, ya kare mini mutunci ke nan. Na gode masa. Mutuncin yana nan, ban san abin da zan yi da shi ba.

Na biyu: a bayanin da kuka buga kun yaba yadda na san zuciyar mata. Ranka ya daɗe, ni da ban san inda ake ajiye kanwa a gidana ba. Ita ce take zama wajen suna da biki, take sauraron matan Dungu da Kurni ranar kasuwa, sannan ta rubuta musu yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana zawo, da abin da ya sa ba a yaye farat ɗaya. Har yau tsofaffi suna tare ta a hanya su nuna mata jikokinsu. Da masu bincikenku sun zo nan sun tambayi kowace mai tuyar ƙosai, da sun ji. Amma na sani hanya da nisa, kuma ofis da sanyi.

Na uku, wanda ya sa ni wannan rubutu: ta ji sanarwar a rediyo. Sai ta fito da babbar rigata ta aika a goge, don kada in ji kunya a gaban manya. Gara ta zage ni.

Roƙona shi ne ku gyara sunan a jarida kafin ranar biki, a shafin farko, ba can ƙasan tallar taki ba. Ku rubuta shi kuma a kan lambar. In kuna tsoron abin kunya, mijin ya yafe.

Na karanta mata wannan wasiƙa kafin in aiko. Ta ce na cika surutu, sannan ta ce in tambaye ku ko zauren bikin yana da matakala, don gwiwarta ba ta son hawa.

Allah ya ƙara wa Darekta lafiya da basira, ya ba ma'aikatansa ƙarfin tambaya.

Wassalam.

Mushe (wato Malam) Ilu, tsohon malamin lakol, Matameye.