Ordinatar Ta Ƙi Amsa "Yaron Nan"

Gwaggo Ramla, ki taimake ni, farin ciki na neman ya zame mini abin kunya. Matar ɗana na fari ta haifi tagwaye, suna ranar Asabar! Ni da furfurata na shiga karatun dare a Mayahi, har na kai ga taɓa ordinatar, wato kwamfuta. Shi ya sa na rantse gaban mutanen masallaci cewa da hannuna zan aika wa dangi gayyata.

Ɗan nawa ya rubuta wani ɗan aiki mai tura saƙo ga wayoyin dangi duka, ya ajiye shi cikin wani fishiye daban, wato fayil na ordinatar. Ya ce in kira shi daga nawa fishiyen, wato in rubuta sunansa, aikin ya tashi. To, Gwaggo, sunan kansa ya sa wa fishiyen! Ɗan fari ne. Tun haihuwarsa sunan nan bai taɓa fita bakina ba, balle hannuna. Na rubuta "Yaron nan", shiru. Na rubuta "Baban tagwaye", ordinatar ta ce ba ta san shi ba. Na ce ko don gidan wani ne, na fara da sallama, ta jawo mini jan rubutu. Ɗan nawa kuma ya tafi Tasawa neman raguna. In danginmu na Kona da Attantane ba su ji ba, yayata ba za ta sake taka gidana ba.

Kakan Tagwaye, Mayahi

Baba, barka da arziki, Allah ya raya. Kunyarka tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Amma ordinatar ba ta da ɗan fari, ba ta san kara ba. Sai an gaya mata inda fishiyen yake da sunansa daidai, harafi bai ɓace ba. Sallamar ka cire ta, ladanka ya riga ya shiga.

Ka kira wani abokin karatunka ya canza wa fishiyen suna zuwa "gayyata", kai kana kallon rufin ɗaki. Daga nan ka kira fishiyen da hannunka, rantsuwarka ta cika. Ka fara gwadawa da lambarka kaɗai. Yayarka kuwa, buga mata waya yau, babba ba ta jin haihuwa daga bakin inji.

Ka kuma gargaɗi yaron nan, kada gobe ya sa wa wani fishiye sunan surukarka. Allah ya kai mu Asabar lafiya.