Askar da Ka Damƙa Mini

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan rahamar Ubangiji tana tare da kai a makwancinka. Na san jama'a za su karanta wannan, kai kuwa ba za ka karanta ba, amma da kai nake.

Maganar askarka ce, mai ninkewar nan, mai ƙotar ƙaho, wadda ka ciro daga zabira ka sa mini a hannu lokacin da ciwo ya yi tsanani. Ba ka ce komai ba. Da ka yi magana ko da kalma ɗaya ce, da ka hutar da ni.

Na samu aikin koyarwa a Minna, Baba. Da na kai wa ƙaninka Baffa labari, sai ya ce in askar ta Kaka ce, to askar gado ce, ba ta barin gida, wanda aka damƙa wa ita shi ma ba ya barin gida. Gidajen da kake wa askin suna, daga unguwarmu har Sahon Rami, duk sun zama nawa. In kuwa saye ka yi, in ajiye ta in kama hanya. Shi kansa bai tabbatar ba, don ka san Baffa da wanzanci, ko gemunsa sai an gyara masa.

Sai na shiga binciken wanda ya ƙera ta da shekarunta, kamar mai neman belin kansa. A gindin ƙarfen akwai tambari da rubutun boko, amma ka cinye su da wasawa. Ina tuna ka a zaure, dutse a gabanka, kana goga ta kana cewa kan jariri ba wurin gwaji ba ne. Ka wasa ta har sunan wanda ya ƙera ta ya tafi, saura haruffa biyu da wani abu mai kama da reshe.

Na ɗauki hotonta a waya na yaɗa, ina tambayar asalinta. Wani ya ce ta Ingila ce, tun zamanin Turawa. Wani ya rantse ta Jamus ce. Kowa da iliminsa, ni kuma ina zaune a Kontagora, jakata a ɗaure, an kusa komawa makaranta. Ko a haka ma ba a ƙyale ni ba. An haihu a maƙwabta, aka aiko, na je na yi askin da sabuwar reza, taka tana aljihuna. Tsofaffi suna ta sa mini albarka, ni ina jin kamar ana ƙara ja mini ƙofa.

Daga ƙarshe Inna ta tura ni wurin tsohon maƙerin bayan kasuwa, abokinka. Bai ko kalli rubutun ba. Ƙusar jan ƙarfen da ke riƙe da ƙotar ya shafa, ya ce aikinsa ne. Ya ce ƙarfen daga waje yake, a hannun 'yan gwanjo ka saye shi ba ƙota, kuma a satin da aka haife ni ka kawo masa. Wai ka tsaya a kansa har ya gama, ka ce a yi ƙotar ta yi ƙarko, ta yaron ce.

Ka ga, Baba, ba ta Kaka ba ce. Ba ta gado ba ce, Baffa ba shi da abin da zai riƙe ni da shi. Amsar da na yi ta nema ke nan, na samu, amma ba ta sake ni ba. Da al'ada ce ta ɗaure ni, da na iya jayayya da ita. Yaya zan yi jayayya da kai, kana tsaye a maƙera da murnar haihuwata?

Har yanzu ban gaya wa Baffa ba. Kullum ya tambaya sai in ce ana kan bincike.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa aikin hannunka ya zama sheda a gare ka. Ni kuma Allah Ya zaɓa mini, don na kasa.

Ɗanka, wanda ka yi wa ƙotar.